Yayana da Ruwan Kogo

Yayana bai iya zama ba. Tun muna yara, in aka zuba mana abinci a kwano ɗaya, shi a tsugune yake ci, gwiwa ɗaya a sama, ido a ƙofa, loma ba ta gama wucewa ya miƙe. Inna ta yi faɗa, ta yi duka, ta gaji ta zuba masa ido. Da ya girma sai abin ya koma kan sana'a. Ya yi gyaran keke ya bari, ya yi facin taya ya bari, ya bi wata motar kaya har muka fara fid da rai da shi. Rannan da rana tsaka sai ga shi da buhu a kafaɗa. Muka yi caa a kan buhun muna zaton tsaraba ce, muka tarar da sufana da zarto da guntayen ƙarfe. Ya ce aikin famfo ya koyo.

Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Aikin famfo? A unguwar da famfonta ya bushe tun kafin a yaye ƙanwarka?"

Ni ce ƙanwar, kuma gaskiya Inna ta faɗa. Unguwarmu a gindin dutse take, daga ita gari ya ƙare. Akwai kan famfo a tsakiyar layinmu, amma ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗiga ba, awaki ne suke soshe-soshe a jikinsa. Ruwa sai an tsallaka titi an je wata rijiya mai zurfin tsiya, a yi layi, a yi zage-zage, a dawo da wuya a sage. Da na yi aure na buɗe shagon ɗinki, ƙofata tana kallon mataccen famfon nan, don haka duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

A saman unguwar, in ka hau gangaren dutsen har ka fara haki, akwai bakin kogo. Tun muna yara ake hana mu zuwa. Da damina wani ɗan siririn ruwa yakan fito daga ciki ya bi ta cikin duwatsu ya ɓace. Kowa ya san da shi, babu wanda ya taɓa tambayar kansa daga ina yake fitowa sai Yaya. Wata safiya ya ɗauki tocila ya shige, bai gaya wa kowa ba. Sai bayan azahar ya fito, laka tun daga gira har dunduniya, yana dariya shi kaɗai. Ya ce akwai tafki a ciki, ruwa mai sanyi, garai-garai, wanda rani bai san hanyarsa ba. Ya ce kuma tafkin ya fi unguwa tudu, in aka ba ruwan hanya da ƙafarsa zai sauko.

Dariya aka yi masa, har da ni. Na ce, "Yaya, wannan ma kwana nawa za ta yi kafin ka bari?" Ya harare ni ya ce in je in ji da zarena.

Bai bari ba. Wannan ce sana'a ɗaya da ta fi shi taurin kai. Ya bi masu gwangwan yana tsintar tsofaffin bututun ƙarfe, ya kankare, ya yi musu zaren murɗawa a baki, ya riƙa saɓa su ɗaya bayan ɗaya yana hawa dutse. Rani guda ya cinye yana haɗa su, wani wurin a tsaye, wani a durƙushe, wani a kwance rub da ciki. Ranar da famfon layinmu ya yi tari, ya tofar da tsatsa da ƙwari, sannan ya saki ruwa, na ga tsofaffin mata suna kuka. Ni ma na bar keken ɗinki na fito da almakashi a hannu na tsaya kamar sakarya. Daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Mai Famfo yake ce masa, har Inna.

Ni ban taɓa wuce inda hasken rana yake ƙarewa a kogon ba, amma na san cikinsa kamar ɗakina, don Yaya ba ya gajiya da ba da labari. Da farko a tsaye ake tafiya. Can sai rufin ya yi ta saukowa, ƙasa ma ta gangara, har a isa wani matsattsen wuri da yake kira Maƙogwaro. Nan sai jan ciki, kuma mutum ɗaya kawai yake ci. In ka fita daga shi sai hanya ta sake buɗewa, ta yi sama, ta kai ka tafkin. A bakin tafkin ya ɗaura rariya a kan bututun don tare yashi da kashin jemage, kusa da ita kuma, a kan wani dakalin dutse, ya sa babban makunni mai hannu kamar sitiyari. In zai wanke rariya sai ya fara rufe makunnin, kada laka ta biyo mana.

Matsalar ita ce rariyar da damina ta fi toshewa, kuma da damina kogon yake zama abin tsoro. A daminar farko saura ƙiris a rasa shi. Ya fito jiƙe sharkaf, leɓe fari fat, ya zauna a ƙofar shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a ciki ba a jin tsawa, ba a jin iska, duniya za ta iya tashi ba ka sani ba. Ruwan da aka yi a saman dutse ta tsagogi yake zubowa, ya taru, ya gangaro gaba ɗaya. Kuma tun da Maƙogwaro ya fi ko'ina kwari, shi yake fara cika. Kafin ka ga ruwan tafki ya gurɓace ka gane ana ruwa a waje, hanyar fitarka ta riga ta shafe.

Na ce, "To sai ka bari."

Ya ce, "In bari ku koma rijiya?"

Matarsa ce ta samo dabara. Matar Yaya, wadda nake kira Matarmu don in ja ta da tsokana, ita da shi ko kusa ba su yi kama ba. Mace ce mai jiki, mai sanyin tafiya, kafin ta amsa maka magana ka manta tambayar. Kuma ba ta son matsi ko kaɗan. In tsintsiya ta shige ƙarƙashin gado sai ta aika a kira ni in ciro mata. Ita ce ta lura cewa in yana haɗa ƙarfe a can sama, ana jin bugun gudumarsa a jikin famfon layi. Ta ce tun da ƙarfe yana kawo magana, zai iya kai ta. Daga nan suka tsara: duk ranar da zai shiga da damina, ita za ta zauna a bakin kogo da sufana a cinya, ido a sama. In ta ga hadari ta bugi bututu. Shi kuma ya amsa da bugu biyu a jere da ɗaya a baya, ya ajiye komai ya fito.

An so a ba wani aikin gadin, ta ƙi. Ta ce wani zai yi gyangyaɗi, wani hira za ta ɗauke shi, ita kuwa mijinta ne a ciki. Haka ta yi ta hawa dutsen nan shekara da shekaru, tana haki tana mita, da ƙwaryar saƙarta a kai. Rabin hulunan jariran unguwarmu a bakin kogon nan aka saƙa su.

Sun sha faɗa a kan bugun. Ita ko gajimare ta gani ya ɗan yi duhu sai ta rafka wa ƙarfe. Ya fito yana huci ya ɗaga kai ya ce, "Uwargida, wannan ne hadarin? Wannan ko kaza ba zai jiƙa ba!" Ita kuwa ta ci gaba da saƙarta ta ce, "To Malam, ai ga ka a waje kana faɗan." Amma zan faɗi gaskiya a kansa. Yaya yana yi wa matarsa gardama a kan gishirin miya, a kan inda aka ajiye takalminsa, a kan komai. Bugun nan kaɗai bai taɓa yi wa kunnen ƙashi ba. Kafin ƙarar ta mutu a kunnenka za ka ji amsarsa ta biyo ƙarfe.

A ranin bara ruwan ya fara warin tsatsa. Mai Wanki, wata bazawara da take ciyar da 'ya'yanta da wankin kayan mutane, ta zo masa da farar riga duk jan tabo, tana cewa mai rigar ya kusa cinye ta ɗanya. Yaya ya shiga ya duba, ya tarar ƙarfen da ke kwance cikin lakar Maƙogwaro ya ruɓe. Ya yanke shi gaba ɗaya, ya sa bututun roba tun daga wannan baki har wancan. Ya yi ta cika baki, wai wannan har jikokinsa ba za su ga tsatsarsa ba. Ruwa ya dawo fes, kowa ya sa masa albarka. Lokacin rani ne, sama ko ɗigon gajimare babu, don haka Matarmu tana gida tana hutawa da hawan dutse.

Damina ta faɗi da ƙarfi. Bayan ruwan farko famfo ya fara tsiyaya kamar hancin mai mura, washegari ya ɗauke ɗif. Ranar da abin ya faru tun safe gari ya yi wani irin zafi mai danƙo, ko ganye ba ya motsi. Ina ɗinki zare yana tsinkewa, ina sake zurawa yana sake tsinkewa. Ta ƙofa ina kallon mata suna zuwa su murɗa famfo, su yi tsaki, su koma. Wajen azahar Mai Wanki ta tare Yaya a daidai shagona.

Ta ce, "Mai Famfo, ka taimake ni. Kayan mutane ne jibge a tsakar gidana, tun jiya na jiƙa su da sabulu. In suka sake kwana wari za su yi."

Bai ma bar ta ta rufe baki ba. Dama ƙafarsa tana ƙaiƙayi, dalili yake nema. Ya leƙa gida ya ce Uwargida ta ɗauko sufana. Ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama.

Ta ce, "Malam, zafin nan ban yarda da shi ba. Ka bari sai da safe."

Ya ce, "Sama tas kamar an share. Yanzu zan shiga in fito, kafin ki saƙa layi guda."

Ni ma shagon ya ishe ni. Na rufe, na ɗauki tef ɗin awo na ce zan bi su in auna Matarmu a can, dama na daɗe ina ajiye da wani yadi da ta kawo ɗinki. A hanya Yaya yana gaba yana tsallake duwatsu kamar ɗan akuya, yana juyowa yana ce mana tsofaffi. A bakin kogo ya tuɓe riga ya rataye, ya wanke fuska da 'yar tsiyayar da ta rage a ƙaramin famfon da ya kafa a wurin don wanke laka, ya bar shi a buɗe. Ya kunna tocila ya shige yana fito. Bayan wani lokaci tsiyayar ta tsaya, Matarmu ta ce, "Ya isa, ya rufe makunni." Ta zaro saƙarta.

Ina cikin auna mata kafaɗa, ina tsokanarta cewa yadin ba zai ishe ta ba sai an ƙaro, sai wata iska mai sanyi ta bugi bayan wuyana. Muka juya tare. Daga bayan dutsen hadari ya leƙo, baƙi ƙirin, yana tahowa da gudu kamar an koro shi. Dutsen ne ya ɓoye mana shi sai da ya zo kanmu. Matarmu ta ture hannuna, ta ɗauki sufana ta rafka wa bututu. Muka kasa kunne. Shiru.

Ta sake bugawa, da ƙarfi, har ƙarar ta shiga haƙorana. Ta dafa ƙarfen da tafin hannu tana jira. Babu komai. Na ce wataƙila hannunsa yana cikin ruwa. Ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa ta manna kunne a jikin ƙarfen, ta miƙo mini sufanar ta ce in buga. Na buga har hannuna ya yi tsami. Aka yi wata cida mai tsawo, ƙasa ta amsa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai na ga ta ɗago a hankali, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Roba."

Na ce, "Wace roba?"

Ta ce, "Robar da ya sa a Maƙogwaro. Tela, roba ba ta kai bugu. A nan yake mutuwa. Ba ya jin mu."

Abu ne da yaro ma zai gane, amma duk unguwar nan babu wanda ya kawo shi a ransa, har shi mai aikin, har ita mai dabarar. Na zaro waya na kira mijina na ce ya tattaro maza su hawo da igiya. Matarmu ta ce kafin su hawo an gama. Ta tuɓe takalma, ta tattare zaninta ta ɗaure a ƙugu, ta karɓe wayar daga hannuna ta ce in kunna mata fitilarta.

Na riƙe ta na ce, "Ina za ki? Ke da ko ƙarƙashin gado ba kya shiga?"

Ta ce, "Akwai ƙarfe a bayan robar. Shi zan buga in dawo. Sake ni."

Na ce ni zan je, na fi ta sirantaka. Ta ce ni ina da goyo a gida, kuma mijinta ne. Ta fizge hannunta da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba, ta shige da sufana a hannu. Ina kallon ɗan hasken yana rawa a jikin bango har ya ɓace.

Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga kogo har inda duhu ya fara in ƙwalla kira, in fito in leƙa gangare ko maza sun taho, in koma. Na tsinci kaina ina naɗe tef ina warwarewa, ina naɗewa ina warwarewa. Ɗan siririn ruwan da ke fita daga bakin kogon ya fara faɗi. Ina kallonsa ya tashi daga fari ya koma ja, ya rufe yatsun ƙafata, ya kai idon sawu. Daga ciki na fara jin wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba.

A cikin ruwan nan ta fito, da rarrafe, ba ɗankwali, ba waya, gwiwoyi da gwiwar hannu duk jini. Na ja ta gefe tana tari tana amayar da jan ruwa. Na leƙa bayanta ina jiran in ga Yaya. Babu kowa.

Abin da ya faru a ciki daga baya ta ba ni shi, a gutsure. Ta ce da ta kwanta ta shiga Maƙogwaro ruwa iya wuyan hannunta yake. Ta rufe ido ta yi ta jan ciki tana shafa robar, har ta fita ta ɗaya bakin, yatsunta suka taɓa sanyin ƙarfe. Ta buga. Nan take amsa ta zo, biyu a jere, ɗaya a baya. Ta yi niyyar juyawa ta sake shiga, jikinta ya ƙi. A nan Yaya ya same ta, ya gangaro da gudu ruwa yana bin dugadugansa. Ya haska ta ya daka mata tsawa, "Me kike yi a nan?" Ta ce masa roba. Ya dafe kai, sannan ya ce, "Shiga, ina bayanki."

Mutum ɗaya wurin yake ci, kuma ita mai jiki ce, ga tsoro. Ruwa ya kai mata haɓa. A tsakiya ƙugunta ya maƙale. Ta ce tana jin hannayensa a tafin ƙafarta yana turawa, yana cewa, "Saki numfashi, Uwargida! Ɗaga hanci sama! Ja!" Ta manna fuska a rufin dutse tana shaƙar 'yar iskar da ta rage. Ya yi mata wata turawa, ta ji fatarta ta sale, ta fita. Da ta juya ta miƙa masa hannu, babu rami a wurin, ruwa ne kawai yake tafasowa.

Maza suka iso da igiya, mijina da wani birkila maƙwabcinmu a gaba. Birkilan ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, bai yi nisa ba ruwa ya kwashe ƙafafunsa, da ƙyar aka jawo shi. Aka sake gwadawa da wani, haka. Sai kowa ya tsaya cirko-cirko cikin ruwan sama, wannan ya ce a fasa dutse, wancan ya ce a nemo injin jan ruwa, babu mai sauraron wani. Ni ina ta zagaye su, ina zagin mijina wai ya yi nawa, alhali mutumin ko takalmi bai tsaya sawa ba. Matarmu tana zaune a ƙasa jikin ƙaramin famfon, ba ta kuka, haƙoranta kawai suke haɗuwa.

Sai famfon ya yi tari. Ya tofar da iska, ya saki jan ruwa a kan ƙafarta. Birkila ya ce ambaliya ce ta tura. Kafin ya rufe baki ruwan ya ɗauke. Ya dawo, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, aka ɗan jima, ya sake dawowa. Biyu a jere, ɗaya a baya.

Matarmu ta ce, "Shi ne. Ya koma sama. Yana kan makunni."

Wurin ya kaure da kabbara da kuka. Ni dariya na yi, hawaye yana zuba, na ce wannan mutum ko a bakin mutuwa hannunsa ba zai zauna ba. Ita kuwa ta tara tafin hannu a ƙarƙashin famfon, da ɗaya hannun ta lalubo dutse ta fara bugun bututu. Ta fi kowa sanin ba zai ji ba. Babu wanda ya iya ce mata ta bari. Duk lokacin da ruwan ya yi magana sai ta amsa, tana cewa, "Na ji, Malam. Na fita. Na ji."

Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Shi yana gaya mana yana da rai, mu ba mu da hanyar gaya masa cewa matar da ya tura ta fita lafiya.

Da an ɗauke ruwan sama a lokacin, da yanzu yana nan yana damun mu da labarin. Ba a ɗauke ba. Ya ɗan tsagaita, mu fara murna, sai wani hadarin ya hau kan na farko. Mata suka hawo da mayafai suka lulluɓe Matarmu, ta ƙi matsawa ko taki ɗaya. Tazarar saƙon ta fara tsawo. Da farko kafin ka ja numfashi ya sake, daga baya sai mun jira har an fara kallon juna. Wani zuwan ma ba ya cika, biyu kawai, na ukun ya ɓace. Gab da magariba ruwan ya zo da ƙarfinsa duka. Muka jira ya ɗauke. Muka yi ta jira. Matarmu ta ajiye dutsen da ke hannunta a hankali, ta bar tafinta a ƙarƙashin ruwan yana zuba.

Sai washegari da hantsi Maƙogwaro ya buɗe. Birkila da mijina ne suka shiga suka fito da shi. Sun ce shatin laka a bangon ya wuce kan mutum a tsaye, har a kan dakalin. Makunnin kuwa a buɗe suka same shi, an murɗa shi har ƙarshe. Rariya ma a wanke take, a ɗaure da kyau.

Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da ƙafarsa da ba ta zama, da bakinsa da ya ce sama tas. Na yi fushi da zafin ranar, da robar, da kaina da na tsaya awon kafaɗa. Matarmu ba ta yi fushi da kowa ba sai kanta. Tana zaune a ɗaki, gwiwoyi a naɗe da tsumma, ta ce mini, "Da ban shiga na toshe hanya ba, da ya wuce." Na ce, "Da ba ki shiga ba, da bai ma taso ba." Ta gyaɗa kai. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu wadda ta sa ɗayanmu barci.

Bayan an kai shi, unguwa ta shiga wani hali. Ruwa ya washe, famfon layi lafiyarsa ƙalau, amma babu mai taɓa shi. Ina zaune a shago ban iya taka keke ba, ina kallon mata suna wucewa ta gabansa da bokitai, kai a sunkuye, suna tsallaka titi zuwa tsohuwar rijiya. Mai Wanki kuwa ko ta layin ba ta bi, ta bayan gidaje take zagayawa. Ta rame, kayan wankinta sun yi wari ta mayar wa masu su, 'ya'yanta suna yawo da fararen ƙafafu.

Wata safiya na ga Matarmu ta fito ƙofar gida, tana ɗingishi. Daidai lokacin Mai Wanki ta ɓullo ta lungu da bokiti biyu, ta gan ta, ta juya za ta koma. Matarmu ta kira ta. Matar ta zo ta zube a ƙasa ta fashe da kuka, tana cewa, "Ki yafe mini, ni na tura shi, bakina ne." Kowa a layin ya tsaya inda yake.

Matarmu ta matso kusa da ita. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki bokiti ɗaya, ta taka zuwa famfo, ta ajiye, ta murɗa. Ruwa ya zubo fari tas yana ƙara a gindin bokitin. Ta juyo ta dubi matan da ke tsaye da kaya a kai.

Ta ce, "Ku ɗiba. Ruwa ya kai masa wuya ya tsaya ya buɗe muku. Ku bar shi a banza?"

Ta tsaya har bokitin ya cika, ta janye shi ta sa na biyun. Mata suka fara sauke kaya suna matsowa ɗaya bayan ɗaya. Na fito na kama hannunta zan mayar da ita gida. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Tela, ki aika a ɗebo mini na rijiya. Ni ba zan iya haɗiye wannan ba."